Sikelin Kaɗanya da Tumbin Maigidana

Lokacin da nake aiki a ofishin wani kamfanin sayen ƙwarar kaɗanya a nan Minna, maigidana ne mai kula da siton kamfanin a hanyar Wushishi. A ƙofar siton akwai wani sikeli, faffaɗan faifan ƙarfe da ake jibga wa buhuna. Injiniyoyi suka zo suka maƙala masa akwati mai layin waya. Daga kujerata sai in tura masa saƙon tes na harafi ɗaya, nan take ya amsa da nauyin abin da ke kansa.

A shekarar ne likita ya ce jinin maigidan ya hau, in bai rage ƙiba ba wata rana faɗuwa zai yi. Ya yi mini alkawari ya bar sakwara. Ni kuwa na san mutumina, kuma na san wata Bagwariya na sauke tukunyar sakwara a bakin siton kullum da rana.

Wani direba ne ya tona shi ba da niyya ba. Ya ce duk bayan azahar Malam kan shimfiɗa buhu a kan sikelin ya ɗan rintsa, don ƙarfen yana da sanyi a inuwa. Washegari ana idar da salla na ɗan jira, na tura harafina. Amsa ta dawo, kuma ba buhun ƙwarar da ya kai haka.

Da yamma ina zuba masa miyar ganye a gidanmu na Ketaren Gwari, na faɗa masa nauyinsa har da ɗigo. Cokali ya tsaya a iska. Haka muka yi ta yi. Ranar da ya ƙaru in faɗa, shi kuma ya yi ta kallona kamar mai aljanu. Har ya tambayi yayarsa ko a danginmu akwai masu duba. Daɗi kamar ya kashe ni.

Can sai lambar ta fara sauka, sauka mai kyau. Na yi murna har na yanka masa kaza. Amma da na zo guga sai na lura mazagin wandonsa yana nan inda yake, tumbin bai ragu ba.

Na hau mota zuwa siton ban gaya wa kowa ba. Na same shi kwance a kan sikelin, ƙafafunsa duka biyu a ɗore kan wani buhu da ke ƙasa a gefe, ga kwanon sakwara an suɗe shi tas. Ashe akwatin kan yi ɗan ƙara duk sanda saƙo ya shigo, shi ma ya daɗe da gano ni. Leburori suka fashe da dariya, ni ma na fara, sai kawai na ji hawaye. Tsoro nake ji tun ranar likita, ban taɓa faɗa masa ba.

Na ce, “Malam, ni ba lamba nake nema ba. Ba na so a kawo mini kai a bayan motar ƙwara.”

Ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya janye ƙafafunsa daga kan buhun, ya miƙe tsaye a tsakiyar sikelin, ya cire hularsa ya miƙo mini.

Ya ce, “Tura, Maman yara.”