Jan Biro Uku

Abin da na fara gani a jikinsa agogo ne. Ya sauko daga babur a bakin ofishin shugabar makaranta, ya ɗaga hannu ya duba lokaci, rana ta bugi gilashin agogon ta hasko mini ido ta tagar aji. Nan take na san an gama. A duk littattafan soyayyar da na karanta, kuma a lokacin sun fi cikin kwali, haka jarumi yake shigowa: dogo, mai ɗan saje, ba ya kallon kowa. Kafin a tashi tara na riga na zaɓi kalar labulen ɗakinmu.

Ashe sabon malamin ladabtarwa ne aka turo mana, agogon kuma na kama 'yan makara ne.

Makarantarmu ta 'yan mata ce, ta jeka-ka-dawo, a wani gari tsakanin Funtua da Malumfashi. Ina aji biyu na ƙaramar sakandare. Sati bai zagayo ba Malam ya manna babban kwali a bangon kowane aji, sunayenmu a jere, gaban kowane suna gida uku: zuwa makaranta, karatu, hali. Wadda ta gaza a ɗaya, ya sa mata jan biro a gidan. Wadda ta cika uku, ta maimaita aji. Ya faɗa mana a asambili cewa ko 'yar cikinsa ce ba zai sassauta ba. A nan zuciyata ta fara ciwo, don ban san yana da 'ya ba.

Ya kuma kawo mana gyaran karatu. Kullum bayan tara malama ta karanta layi, mu duka mu maimaita da ƙarfi. Duk mai wucewa kasuwa da jakinsa zai rantse shehunnai ake yayewa a ciki. Ɗakin karatu kuwa muna da shi, sai dai buhunan masarar wani malami ne suke karatu a ciki tun kaka.

Wadda muke zama benci ɗaya da ita 'yar ƙauye ce, kullum a keke take zuwa, ƙafafunta duk jar ƙasa. Jan bironta na farko lokacin ɗibar auduga ta same shi, da babanta ya riƙe ta sati biyu a gona. Na biyu a ofishin Malam, inda ake shiga ɗaya bayan ɗaya gwajin karatu, dorina na kwance a kan tebur don ƙarfafa gwiwa. Gaskiyar magana ta zo sakandare ba ta iya haɗa baƙi ba. Baki kawai take motsawa idan muna karatun taro, kuma ba ita kaɗai ba ce. Babanta ya riga ya gaya mata: ranar da aka ce ta maimaita aji, ranar ta gama boko, gona na jira.

Ni kuma sana'ata a lokacin tara ita ce karanta wa 'yan aji littafin soyayya a bayan katanga. Ina da mugun hali guda. Sai an zo daidai inda saurayi zai buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa, in rufe littafi in ce maƙogwarona ya bushe. Abokiyar bencin nan tawa abin ya fi ƙonawa. Rannan ta ce ta gaji da wulaƙancina, in nuna mata yadda ake yi ta huta da roƙo. Haka muka fara. Wasu da sunan akuya da tukunya suka koyi karatu, ita da “hawaye” da “masoyiyata” ta koya. Zango biyu tana fama, tana bin layi da yatsa, har ta soma tafiya gida da littafina a jaka. Ba wanda ya sani. Gwaji sau ɗaya ake yi a shekara, kwalin bango ya riga ya ce ba ta iya ba, kwali kuma ba ya ƙarya.

Wata Litinin Malam ya sa aka yi binciken jakunkuna a asambili. Aka zaro littafina daga jakarta, da hoton budurwa tana kuka a bango. Ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar mushen ɓera. Ya san ba nata ba ne, tunda shi da hannunsa ya rubuta ba ta karatu. Ya ce ta faɗi mai shi ta tsira, in ba haka ba jan biro na uku ya hau.

Ina tsaye a bayanta. A littattafai, nan ne jaruma take fitowa ta ce ni ce. Ni dai takalmina na tsura wa ido, na gano ashe ɗinkinsa ya fara warwarewa.

Ta ce, “Nawa ne, Malam.”

Ya yi murmushi, irin wanda na daɗe ina jira, sai dai ba ni aka yi wa ba. “Ke da ko sunanki sai an nuna miki? To bismilla, hau nan ki karanta mana.”

Ta hau kan dakali. Ya buɗe mata tsakiya, aka yi rashin sa'a ya faɗa kan wasiƙar saurayi. Layin farko tana bi da yatsa, na biyu ta daidaita. Ta karanta yadda ya bar cin abinci, yadda ya rame, yadda yake ganin fuskarta a cikin kofin shayi. Duk makaranta aka kasa kunne. Har malamai ba wanda ya yi motsi, wai don mamaki. Sai da ta juya shafi Malam ya tuna ya ce ya isa.

Mataimakiyar shugaba wata dattijuwa ce Kirista, 'yar 'yan kasuwar kudu, haifaffiyar Funtua, Hausa a bakinta ta fi tamu. Ta matso ta ce a hankali, amma kowa ya ji, “To Malam, littafi dai nata ne, sa mata na hali. Na karatun fa, wa zai goge?”

Ya tsaya yana lissafi. Mutum ne mai bin doka, Allah ya saka masa. A gabanmu ya je aji ya sa ja a gidan hali, ya soke na gidan karatu. Biyu ta shigo da su, biyu ta fita da su. Ya ƙara mata da bulala shida, don kada a ce an tashi a banza. A ƙarshen zango kuma aka kira ta gaban iyaye a matsayin shaidar cewa karatun taro yana aiki.

Ta wuce aji uku. Ba ta taɓa yi mini maganar shirun da na yi ba, ni ma na yi mata kara ban tayar ba.

Yanzu ungozoma ce a wani asibiti wajen Musawa, ita ke riƙe da ɗakin haihuwa. Bara na kai ƙanwata can muka haɗu. Ta ce littattafan nan ta daina su tuni, duk wanda ya tsaya a ɗakin haihuwa sati ɗaya ya san inda marubuta suke rufe labari da gangan. Babanta ya tsufa, ya bar gona. Ta ce kullum yana zaune a ƙofar gida, duk wanda ya tsaya gaisuwa sai ya ba shi labarin yadda ya dage, shi kaɗai, sai da 'yarsa ta yi boko.