Igiyar Awo a Hannun Waman

Duk wanda ya taɓa shiga gidan wasan kwaikwayon Sulabha-tai a tsohon garin Nashik ya san Waman, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn tsohon nan da ke bayan kanta lokacin hutun tsakiyar wasa, yana zuba wa mutane giya, ko ɗigo ba ya zubarwa. Shi kansa bai taɓa kai ta baki ba, wai yana tsoron hantarsa. Ai Waman babu abin da ba ya tsoro: kare, tsawa, ɗan sanda, kai har matarsa da ta daɗe da rasuwa sai ya rage murya in zai ambace ta.

Ba da mashaya ya fara ba. Yana saurayi shi ne kafintan gidan, mai haɗa fadar sarki da katako. Wata shekara aka shirya wasa a kan wata abar bauta ta ƙauye, wadda marubucin ya ƙago daga kansa, Waman ya sassaƙa ta da guntun icen mangwaro. Wasan bai karɓu ba, aka ce a zubar da kayan. To, a wurinmu abin da aka yi wa ido da hannuwa, aka durƙusa masa ko da a wasa ne, ba a jefa shi a bola. Gindin bishiyar pimpal mai tsarki ake kai shi. Waman ya rungume ta ya kai ta gindin wadda ke kwanar layi, ya ba ta haƙuri, ya dawo.

Ka san halin mutanenmu. Yau wata ta shafa mata jan gari da mai, gobe wani ya rataya ƙararrawa, jibi an yi rumfar kwano. Shafa kan shafa, har fuskar ta ɓace cikin ja, sai idanun azurfa biyu da wani direba ya liƙa mata. Aka riƙa ce mata Aai, wato Uwa. Daga baya 'yan unguwa suka kafa kwamiti, suka yi mata rajista a hukuma. Ɗakin bauta sosai ke nan.

Shi kuwa gidan wasa, kuɗin tikiti ko fitila ba ya biya. Mashayar Waman ce ke riƙe da kowa, daga 'yan wasa har mai shara. Doka kuma ta ce ba a sayar da giya kusa da wurin ibada ko makaranta. Da lokacin sabunta lasisi ya zo, aka ce sabon insifeta zai zo da igiyar awo, Sulabha-tai, mai gidan, wadda ake ce wa Tai, wato Yaya, ta kira Waman bayan labule.

"Waman-bhau, ɗan'uwana, kai ka ajiye ta, kai za ka matsar da ita. Can gaban shagon tela ma ya isa."

"Tai, ki rufa min asiri."

"Icen mangwaro ne fa! Da hannunka ka yi mata hanci, ka ma karkace shi."

"Da can ice ne, Tai. Yanzu ban san ko mece ce ba."

"Ni na san abin da za mu zama in lasisi ya tafi. Mabarata!"

Ya je kuwa, da sassafe, da buhu a hammata. Ya tarar da Godabai mai sayar da furanni ta riga shi, tana yayyafa ruwa.

"A'a, yau mai giya ne a gaban Aai? Rana za ta fito daga yamma. Buhun na mene ne, ko zunubanka ka kwaso?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ɗaga kai, idanun azurfan nan suka kafe shi. Ya san abin da ke ƙarƙashin jan nan, ya san ƙusar da ya buga a ƙafar hagu. Sanin bai amfane shi da komai ba. Ya sayi furanni da kuɗin shayinsa, ya ajiye, ya gudu da buhunsa.

Gaba kura, baya sayaki. Abinci ya daina shiga. In ƙararrawar kwana ta kaɗa sai ya zabura, in mota ta tsaya a ƙofa sai ya leƙa. Ya fasa kofi, abin da bai taɓa yi ba.

Ranar awo Insifeta Nimkar ya iso da rana tsaka, wani ƙato mai fara'a. Ya cire takalma, ya haɗa hannu a gaban Aai, ya kaɗa ƙararrawa, sannan ya zaro igiyarsa.

"Wa zai riƙe min bakin? Kai, tsoho, zo. Danna shi a ƙafarta, kada ka motsa."

Yana juya baya Tai ta matso, ta yi magana ta gefen baki. "Zai sha kwana, ba zai gan ka ba. Naɗe kamu ɗaya a tafin hannunka, awon zai cika. Kamu ɗaya kacal, bhau. Ba don ni ba, don 'yan wasan nan."

Insifeta ya tafi yana warware igiya, Tai na biye da shi, suka sha kwana. Waman ya durƙusa. Ya jawo igiyar a hankali, ya naɗe ta a yatsunsa, ya dunƙule. Gumi ya jiƙe masa riga. Bai yarda ya ɗaga kai ba, ƙafar kawai yake kallo, sai ga kan ƙusar nan ya leƙo ta cikin ja, nan inda ya buga ta. Ya ce a ransa ice ne, ice ne, ice ne. Zafin rana ya narkar da man da ke jikinta. Ɗigo ɗaya, ja, mai ɗumi, ya gangaro ya sauka a bayan hannunsa.

Wayyo! Bai san lokacin da yatsunsa suka buɗe ba. Igiyar ta zame, ta miƙe tsaf daga ƙafar Aai.

Can ya ji muryar insifeta. "Kash! Saura ƙiris, Madam, ko kamu bai kai ba. Amma doka doka ce."

Suka dawo. Insifeta ya naɗe igiyarsa, ya dafa kafaɗar Waman, ya ce ya ji labarin Uwar nan ba ta wasa. Tai ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta dubi buɗaɗɗen hannunsa da jan da ke kai.

"Ita za ta ciyar da mu, bhau?"

Ta juya ta koma ciki, ya ji ƙarar ƙofar ƙarfen mashaya ana jawo ta ƙasa. Yana nan durƙushe Godabai ta ɗauko guntun kwakwa daga gaban Aai, ta sa masa a hannu.

"Ci, mai giya, rabonka ne."

Ya ci, don yana tsoron ya ƙi.