Keken Gurgu Ba Ya Shiga Daji

Daga Damari

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da maƙwabcina Bulus. Shan inna ya cinye ƙafafuna tun ina yaro, da keken hannu nake yawo. An yi shela a kasuwa cewa ranar Asabar za a buɗe gandun daji, kowa da kowa ya zo, har makafi da guragu. Ni ba giwa zan je kallo ba. Kabarin mahaifina na ciki, a gindin tsamiyar kufanmu, kuma tun da gwamnati ta tashe mu ta killace dajin ban sake ganin wurin ba.

Direban akori-kura ya ɗaure keken a kan buhunan dawa, ya ce, "Shi ma fasinja ne, Malam Isa, sai ka biya masa." Na biya.

Birnin Gwari

Da hantsi muka sauka. Muka karya da koko da ƙosai a tasha, sannan na tura keke a sabuwar hanyar da aka share, har tafin hannuna ya yi bororo.

Bakin daji

Malamin daji ya gitta sanda. "Ba a shiga da abin hawa. Yana firgita namun daji."

"Ranka ya daɗe, wannan ba abin hawa ba ne, ƙafafuna ne."

"Yana da taya ko babu? To, doka ce."

Bai rufe baki ba sai ga motocin manya a jere. Ya ƙame, ya sara musu, ya janye sandar. Ashe giwar dajin nan ta san babban mutum, ƙarar keken gurgu kaɗai ke razana ta.

Bulus ya durƙusa. "Hau, Malam. Mu Gbagyi da ma a kafaɗa muke ɗaukar kaya."

Kufan da nisa, shi kuma ba yaro ba. Na ce ya je shi kaɗai, ya gano mini.

Aka jera mu a rumfa tare da makafi, aka ba mu lemon kwalba, aka ɗauke mu hoto. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na yinin nan ba.

Komawa

Da la'asar Bulus ya dawo, ya zuba mini tsamiya a hannu. Sai da mota ta tashi ya ce, "Itacen na nan, Malam. Amma sabuwar hanyar motocin, ta kan kabarin ta bi."

Bayan magariba muka iso gida. Na gode wa Allah, na gode wa Bulus. Masu daji kuwa, an gode da lemo. Motocinsu sun bi ta kan Baba shiga da fita, ni da ya haifa aka ce zan firgita namun daji.