Tsiron da Ba a Tauna Ba

Kawuna Metodej, yayan mahaifiyata, ya yi rayuwarsa a ɗakin tsiro na ƙauyenmu da ke yankin Hana. Yakan jiƙa sha'ir, ya baza shi a daɓen dutse, ya riƙa juya shi da shebur na katako har ya fito da saiwa, sannan ya busar da shi a saman murhu. Da wannan tsiron ake dafa farar giyar garinmu. Hannunsa yana da sauri a wurin aiki, yana da sauri kuma a wurin duka. Ya taɓa karya ƙofar coci da kafaɗa don an rufe kafin ya iso. Matarsa ta tafi tun ina ƙarama. Ni kaɗai ce bai taɓa ɗaga wa murya ba.

Ɗakin tsiron ya rage a raye ne saboda mutum ɗaya, Vavrinec, babban mai dafa giya a ƙaramin kamfanin garin, abokin Kawu tun suna makaranta. Masu kamfanin sun daɗe suna son su koma sayen tsiron manyan injuna na birni. Vavrinec ne yake hana su. Duk kaka yakan zo da kansa, ya ɗebi ƙwaya, ya tauna. Idan ta fashe ta zama gari mai zaƙi, kuma launinta fari ne kamar kara, sai ya gyaɗa kai, shi ke nan Kawu ya sami shekara. Ba ya yarda da bakin kowa sai nasa.

Bana na gama jami'a a birnin Brno, kamfanin ya ɗauke ni aikin gwaji, na raka Vavrinec ranar zaɓen tsiro. Da hantsi ne, ana yayyafi.

"Tsohon bijimi, kana nan da rai?" in ji Vavrinec daga bakin ƙofa.

"Ina jiran in binne ka tukuna, mai tumbi," Kawu ya amsa. "Goge takalminka, nan ba gidan surukarka ba ne."

Ni na riƙe kwanon da aka zuba tsiron. Vavrinec ya tauna, ya daɗe yana taunawa. Ya kai ƙwayar bakin taga, ya juya ta.

"Metodej, wuta ta yi maka yawa. Wannan ya yi ja."

"Idonka ne ya yi ja, mashayi."

"Ba wasa nake ba. In na dafa da wannan, giya za ta fito kamar shayi. Akwai wani tsiron a daɓe, ko? Bari ya bushe, in dawo in tauna."

Da a nan ya tsaya, da ƙila ba abin da zai faru. Sai ya yi dariya ya ƙara da cewa, "Ko dai hannu ya fara rawa ne? In ka tsufa ka faɗa mini, in aika birni."

Ban ga lokacin da shebur ɗin ya tashi ba. Ƙarar na ji, kamar an fasa busasshen icce. Vavrinec ya faɗi a kan sha'ir, Kawu ya sake kai masa na biyu a baki. Jini ya fantsama cikin kwanon da ke hannuna. Na ga haƙora a daɓe, a tsakanin ƙwayoyi, har ban iya bambanta su ba. Na yi ihu, "Kawu! Kawu, za ka kashe shi!" Ya ɗaga na uku, na shiga tsakani, bakin shebur ya tsaga mini gira. Sai da ya ga jinina sannan ya saki shebur ɗin. Ya zauna a ƙasa yana kallon tafin hannunsa har 'yan sanda suka zo.

Har yau in aka yar da cokali a bayana sai na zabura.

Da za a sa Kawu a motar 'yan sanda, abu ɗaya ya ce mini: "Radka, kada ki bar na daɓe ya kama juna." Tsiro in ba a juya shi ba, saiwoyi sukan sarƙe ya ruɓe. Na juya shi da ɗinki a gira, da shebur ɗin da na wanke da kaina. Na busar da shi da wuta kaɗan, yadda na ga yana yi tun ina yarinya. Ya fito fari tas.

Na kai wa Vavrinec tafi ɗaya a asibiti. An ɗaure masa muƙamuƙi da waya, da bututun roba yake shan miya. Ya ɗauki ƙwaya, ya kai bakinsa bisa sabo, ya tsaya. Sai ya ɓare ta da farce, ya goga a jikin allon gado. Ta bar farin layi kamar alli. Ya dube ni, ya gyaɗa kai, hawaye na bin wayar.

Amma gyaɗa kan bai ƙara amfani ba. Masu kamfanin sun ce ba mai taunawa, don haka ba sauran dalilin sayen tsiron Kawu. Motar tsiron birni ta riga ta sauke kaya.

Da na ziyarci Kawu a gidan yari, bai yi tambaya kan shari'arsa ba.

"Ya tauna?" ya ce.

"Da me, Kawu?"

Ya rufe bakinsa da hannu. Bai sauke shi ba har mai gadi ya ce lokaci ya yi.