Ramsis Dai Ya Gama Nasa

"Kafin Hajji zan kafa miki kantar littattafanki." Maganar mijina Abu Faisal ke nan, yau Hajji uku. Katakon na nan jingine a falonmu na unguwar Shisha, littattafaina suna lalacewa cikin kwalaye.

Jiya ya tarar da ni ina karanta tarihin Ramsis na Biyu. Na ce masa mutumin nan ya mulki Masar shekara sittin da shida, har ya sa aka fafe dutse a Abu Simbel aka yi wa matarsa Nefertari gini na musamman.

Ya zabura. "A'uzubillahi! Hajiya, da Fir'auna kike kwatanta ni?"

Na ce, "Wane ni, Alhaji! Shi ai ya gama aikinsa."

Ya ce, "Bukra, insha Allahu." Wato gobe, da Larabci.

To, na ba shi zuwa la'asar ɗin Alhamis. Tana wucewa zan kira kafinta daga unguwar Utaibiyya. Na san baƙi na zuwa zai ce shi ya kafa, don a nan kaɗai suka yi kama: Ramsis ma yakan sa sunansa a ginin wasu.

Mata, naku me ya taɓa gamawa?