Gyaɗa a Kofuna Huɗu

Ga wata ɗalibar kimiyya can a rumfar shayin Pakcik Mazlan, wato Kawu Mazlan, bakin jami'a a tsibirin Penang, gajeruwa, mayafi a karkace, da jan tabo a hannun farar rigarta. Ta jera kofuna huɗu tana jefa ƙwayar gyaɗa daga wannan zuwa wancan. Ina zaton an jima za ta kare bincikenta gaban malamai.

"Dakta, caca kika buɗe min a tebur?" in ji Pakcik, yana sheƙa shayi daga moɗa zuwa moɗa.

"Furotin ɗin bakteriya ne, Pakcik. Kofunan nan jajayen gurabe ne masu ƙarfe, irin na jininka. Gyaɗar ita ce ƙwayar lantarki. Da ta faɗa ɗaya, sai maƙwabcinsa ya sake shawarar karɓa. Bakteriyar nan ta fi ka iya sheƙa, ko ɗigo ba ta zubarwa."

"To turo min ita aiki."

Garin dariya ta jefa gyaɗar a baki. Ta yi turus, tana leƙa kofunan.

"Kin haɗiye lantarkin," in ji shi. "Tashi ki je ki haska wa malaman."