Farar Fulawa Biyar a Maƙabartar Ƙauyenmu

Bana shekara bakwai ke nan da safiyar da wani ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofar shagona a Zuru, ya kashe mashin, bai sauka ba. Ina kan keke ina ɗinka rigar makaranta. Ɗan Bena ne, na san shi da fuska. A bayan mashin ɗinsa an ɗaure jarkoki biyu, kuma na gane su tun kafin ya buɗe baki, don ni na ɗinka musu maratayi da tsohon kyalle.

Ya ce, "Baba tela, sai haƙuri. An tare hanya da sassafe. Soja yana ciki."

Soja shi ne yayana Ishaya. Jarka ɗaya ta huje, ɗayar cike take. Ruwan ba na sha ba ne, na fulawa ne. Ina rubuta wannan ne domin mutane da yawa sun ji an ce 'yan bindiga sun kashe wani tsohon soja a hanyar zuwa ba fulawa ruwa, suka girgiza kai suka ce ganganci. Ni ma na faɗi haka a ranar. Ina so in bayyana abin da ya kai shi.

Yaya Ishaya ya yi aikin soja har ya yi ritaya. A wani bariki a kudu an taɓa sa shi kula da lambun gidajen hafsoshi, a nan wani tsohon mai lambu ya koya masa aikin. Da ya dawo gida, abokansa sun zo da rediyo da katifa, shi kuwa ya zo da gwangwanayen madara cike da ƙasa, kowanne da ɗan reshe a ciki. A ƙasarmu fartanya ce ke auna namiji. Saurayi kan yi shekaru yana noma wa surukai kafin a ba shi mata. Mutumin da zai durƙusa yana lallaɓa itacen da ba a ci, ba a yin miya da shi, ba ya ba da inuwar kirki, dole a yi masa dariya. An yi masa, kuma ina cikin masu yi.

Ya gina gida a Zuru, amma duk mako sai ya je ƙauyenmu da ke bayan Bena. Ba da daɗewa da dawowarsa ba Inna, mahaifiyarmu, ta rasu. A wurinmu tsibin duwatsu ake yi a kan kabari. Bayan damina uku ko huɗu, ruwa da awaki kan watsa su. Yaya ya ce ba zai bari a nemi Inna a rasa ba. Ya yanko reshen wata fulawa da yake kira faranjifani, fara mai rawaya a tsakiya, mai ƙamshi, wadda in ka karya ta sai ta fitar da farin ruwa kamar nono. Bai dasa nan take ba. Ya ce in an dasa ta ɗanya ruɓewa take yi, sai an jingine ta a inuwa bakin yankan ya bushe. Ya jira har 'yan zaman makoki suka watse, sannan ya kafa ta wajen kan Inna.

Da ta yi fure, masu dariya suka fara zuwa. Daga nan duk wanda aka binne sai Yaya ya dasa masa wani abu, kuma shi ke zaɓa. Kawu Danladi, wanda bai taɓa barin taron coci ya tashi ba tare da gardama ba, ya samu mai ƙaya, wadda furenta ke kama da jar takarda. Matarsa da kanta ta ce ya dace. Yara ƙanana yana ba su wata gajera mai tarin jan fure. Ya zagaye maƙabartar da wata mai siririn ganye da ke da dafi, don ya ce akuya ba ta kusantar ta, kuma gaskiyarsa ne. Bai rubuta kome ba. Duk a kansa yake.

Mata huɗu da suka rasu bayan Inna, danginsu sun roƙi a ba su irin farar tata. Daga jikin ta Inna ya yanko musu, ya dasa su a sahu ɗaya.

Ya sha ce mini, "Tela, ka zo mu zaga in nuna maka wanda ke ƙarƙashin kowace."

Ni kuma in ce, "Yaya, ai kana nan. Kai ne rajistar matattu."

Sai ya ce, "Rajista ma tana cin wuta."

Kullum akwai ɗinkin Kirsimeti, ko na Ista, ko na buɗe makaranta. Ban je ba.

Da hare-hare suka yi yawa, ƙauyen ya tashi. Muka ɗauko Baba, mahaifinmu, wanda idonsa ya riga ya rufe, ya dawo gidana. Ana gab da tashin ne aka binne Saratu, matar maƙwabcinmu, Yaya ya dasa mata wata mai babban jan fure kamar na sure, wato yakuwa. Ita wannan ba ta da jimirin fari. In ba ta samu ruwa a raninta na farko ba, mutuwa take yi, rijiyar ƙauyen kuma ta rufta. Ya ce ya yi wa mijinta alkawari. Shi ya sa yake ɗaukar ruwa daga Bena duk mako. Matarsa Rahila ta ɓoye jarkokin sau biyu, ya nemo su. Mun binne shi a nan Zuru, don babu mai iya kai gawa ƙauye a lokacin.

Nakan tambayi kaina me zai ce in ya ga yau. Fulawar da aka yi masa dariya a kanta yanzu tana ƙofar kowane sabon gida da masaukin baƙi a gari, ana jera ta a leda a bakin titi. Ina jin zai yi murmushi, ya ce suna cika mata ruwa. Amma abin da zai fi tsaya masa a rai shi ne mutanen ƙauyenmu da ke raɓe a gidajen dangi, waɗanda kan shigo gidan Rahila ba don kome ba sai don su tsaya gaban farar fulawar da Yaya ya dasa a tsakar gidanta. Wani tsoho ya taɓa tsinkar fure ɗaya ya sa a aljihu, ya fita. Ba su da gona, ba su da rumbu, matattunsu kuma suna inda ba sa iya zuwa.

Tun bara Baba ya fara magana ɗaya. Ƙarfinsa ya ragu, kuma ya sani. Ya ce in ranarsa ta zo, ko da rakiyar jami'an tsaro ne, a kai shi gefen Inna. Ya ce, "Ba wuya. Inda farar fulawa take. Ɗan'uwanka ya sa mata alama." Idon Baba ya rufe kafin a dasa sauran huɗun. A saninsa guda ɗaya ce.

Da kaka, lokacin da hanya ta ɗan lafa har wasu na shiga gona da rana su fito, ni da Rahila muka bi su. Gidajen babu rufi. Maƙabartar kuwa tana nan, ta ma fi da girma. Mai dafin ta wuce tsayin mutum. Mai ƙayar Kawu Danladi ta haye kan maƙwabtanta ta rufe kaburbura uku. Ta Saratu ba mu ga ko kututturenta ba. Babu tsibin dutse ko ɗaya da ya rage a wurinsa. Fararen nan biyar suna tsaye a sahu, dukansu da rai.

Na nufi wadda ta fi kauri, na cire hula.

Rahila ta ce, "Baban Ladi, me kake yi?"

Na ce, "Ta Inna ce ta fi tsufa. Dole ita ce babba."

Ta ce, "Ta Inna ce ya fi yanka. Duk wanda ya roƙi reshe daga jikinta yake cirowa. Kuma akwai shekarar da gara ta ci ɗaya ya sake dasawa, ban san wacce ba."

"Ke ba ya kawo ki nan?"

"Yana kawo ni. Yana gaba ina baya, inda ya tsaya nan nake tsayawa. Kai da aka binne ta a gabanka fa?"

A gabana aka binne ta, amma a lokacin fili ne da duwatsu, kuma hawaye nake yi, ban ƙirga taku ba. Muka tsaya muna duban itatuwa biyar har masu gona suka kira mu, suka ce rana ta karkata, ba a daɗewa.

Da na dawo na nemi dangin matan nan huɗu. Gida biyu sun yi nisa, babu mai lambarsu. A gida na uku wanda ya sani ya rasu. Na samu ɗan ta huɗun a Wasagu yana kabu-kabu. Ya yi tunani ya ce, "Tamu ai ita ce ke kusa da ta Innarku, Baba tela. Haka Soja ya nuna mini."

Abin da Yaya ya dasa ya rayu ba tare da shi ba, shekara bakwai babu mai ba shi ruwa, cikin wutar daji da kiwon shanu. Aikin hannunsa bai mutu ba. Sanin da ya sa aikin ya zama alama shi ne ya tafi da shi, kuma ba shi ya hana ba, ni ne ban je na karɓa ba. Ban ƙara kiran tafiyarsa ganganci ba.

Baba ya san na je ƙauye. Ranar da na dawo ya kama hannuna ya ce, "Ka ga wurin innarka?" Na ce na ga fulawa, tana da rai. Ya ce madalla, ya sake ni. Jiya ma ya tambaya ko akwai fili a gefenta na dama, don nan yake so. Har yau ban gaya masa su biyar ne ba.